Kula da Farfelar Mota Mai Shiga Daji: Darasi ga Direbobi da Makanikai na Yankin Babban Birnin Tarayya

Wanda bai san Abuja ba sai Garki da Wuse da Maitama, zai zaci ko'ina a Yankin Babban Birnin Tarayya kwalta ce shimfiɗe. To, ƙasar da Dokar Soja mai lamba 6 ta ranar 3 ga Fabrairu 1976 ta keɓe, a zamanin Janar Murtala Muhammed, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 8,000, birnin kuwa ɗan yanki ne a cikinta. Saura duk ƙauyuka ne da gonaki, da duwatsu da rafuka. Ma'aikatan farko na Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, waɗanda suka yi zango a Suleja, da motocin shiga daji suka riƙa ratsa wannan ƙasa suna awo. An dawo da mazaunin gwamnati daga Ikko ranar 12 ga Disamba 1991, an kuma shimfiɗa hanyoyi masu yawa tun daga lokacin, amma har yanzu mai kai allurar rigakafi, da malamin gona, da mai duba makarantu, da motar ɗaukar marasa lafiya, in za su shiga ƙauyukan da ke bayan Rubochi a Kuje, ko Yaba a Abaji, ko Kawu a Bwari, ko Ashara a Kwali, sai sun sauka daga kwalta sun bi jar ƙasa da gargada, sun tsallake ruwa.

Motar da ke wannan aiki, ko Land Cruiser ce, ko Hilux, ko Land Rover, ana kula da injinta gwargwadon hali, ana duba tayoyinta da birkinta. Akwai kuwa wani abu a ƙarƙashinta wanda ido ba ya kai masa sai an kwanta ƙasa, saboda haka shi aka fi mantawa da shi, watau farfela. A kansa wannan darasi zai yi bayani.

Mece ce farfela, mene ne aikinta

Farfela doguwar sanda ce ta ƙarfe, mai rami a ciki kamar bututu, wadda ke ɗaukar juyin inji daga giyabos ta kai shi ga aksil, aksil kuma ya raba wa tayoyi. Ƙaramar mota mai ja da ƙafafun baya tana da guda ɗaya. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da biyu, domin a bayan giyabos ɗinta akwai wani ƙaramin akwati mai raba ƙarfi gida biyu, wanda direbobi ke kira oksilari. Daga gare shi farfela ɗaya ta nufi aksil na baya, ɗaya ta nufi na gaba.

Abin da ya sa aikin ya yi wuya shi ne, giyabos a ɗaure yake jikin mota, shi kuwa aksil a kan sifirin yake, kullum yana hawa yana sauka yadda hanya ta yi da shi. Da sanda ce miƙaƙƙiya aka ɗaure tsakaninsu, da ramin farko ya karya ta. Don haka aka yi mata gaɓoɓi iri biyu.

Na farko shi ne kuros. A kowane kai na farfela akwai ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, yana fuskantar wata gwafar, a tsakaninsu kuma ga wani ɗan ƙarfe mai hannu huɗu a gicciye, shi ne kuros ɗin. Kowane hannu yana cikin ɗan kofin ƙarfe, a cikin kofin kuma an jera 'yan sirara-siraran ƙarafa kamar allurai kewaye da hannun, su ne boris ɗinsa. A bakin kofin akwai roba mai riƙe giris ciki, mai hana ƙura da ruwa shiga. Wannan gaɓa ita ke bai wa farfela damar lanƙwasa tana cikin juyi.

Na biyu ita ce gaɓar zamiya. Idan aksil ya hau ko ya sauka, tazarar da ke tsakaninsa da giyabos takan ragu ko ta ƙaru. Shi ya sa aka yi farfela kashi biyu, ɗaya na shiga cikin ɗaya kamar wuƙa da kube, da haƙora a jere tsawon jikinsu, yadda za su juya tare amma su riƙa zamewa ciki da waje.

Dabarar kuros tsohuwa ce. Turawa da yawa suna kiran gaɓar da sunan Gerolamo Cardano, wani masani na ƙasar Italiya a ƙarni na 16, Ingilishi kuwa suna jingina ta ga Robert Hooke, wanda ya yi nazarinta a ƙarni na 17. Wani Ba'amurke, Clarence Spicer, ya fara ƙera irin tasa domin motoci a 1904, lokacin da motoci da dama da sarƙa suke tafiya kamar keke. Hooke ya gano wani hali na wannan gaɓa wanda ya wajaba kowane makaniki ya sani. Muddin gaɓar tana lanƙwashe, ko da ɓangaren da ke turawa yana juyi daidai wa daida, ɓangaren da ake turawa yakan yi sauri ya rage, ya yi sauri ya rage, sau biyu a kowane zagaye. In lanƙwasar digiri 10 ce, bambancin kimanin kashi ɗaya da rabi ne cikin ɗari. In ta kai digiri 30, sai saurin ya haura da kimanin kashi 15, ya kuma faɗi da kimanin kashi 13. Maganin da masu ƙira suka yi shi ne sanya kuros biyu, ɗaya a kowane kai, a daidaita su yadda na biyu zai warware abin da na farko ya ƙulla. Za mu komo kan wannan in mun zo batun kwancewa da mayarwa.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga nauyin da ke kan waɗannan 'yan allurai. Taya mai lamba 7.50-16, irin wadda aka saba gani a Land Cruiser da Land Rover, takan ci kimanin mita biyu da rabi a zagaye ɗaya. In mota na gudun kilomita 80 a awa, tayar na juyawa wajen sau 530 a minti. Farfela kuwa takan juya wajen sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, watau fiye da sau 2,000 a minti, fiye da sau 30 a daƙiƙa. Duk ƙarfin da ke tura mota da lodinta ta cikin hannuwa huɗu yake bi, kowanne bai fi kaurin babban yatsa ba, abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuwa ɗan giris ne wanda bai cika cokali ba.

Abin da ƙasarmu ke yi wa giris

A wannan yanki damina takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. Rafukan da ke zuba cikin Gurara da Usuma, waɗanda yaro ke tsallakewa da ƙafa a watan Maris, a watan Agusta sai su kai wa mota ciki. Farfela ta yi tafiyar awa guda ta ɗauki zafi, sai a tsunduma ta cikin ruwan sanyi. Iskar da ke cikin kofunan ta tsuke nan take, ta zuƙo ruwa ta bakin roba, ruwan kuwa ba shi kaɗai yake shiga ba, da yashi da laka. Direba ya haye, ya ga mota lafiya, ya ajiye ta kwana uku. A cikin kwana ukun nan tsatsa ta kama allurai.

Da rani kuma ga ƙurar hunturu da ta jar ƙasa, mai laushi kamar gari. In ta sami shiga ta cakuɗe da giris, sai giris ɗin ya koma abin wasa ƙarfe, yana cin abin da aka sa shi ya tsare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar bakin kofi ita ce bangon, zafi da tsufa da busasshiyar laka su ke tsaga ta. Akwai kuma masu wankin mota da injin feshi mai ƙarfi. Wanke laka daga ƙarƙashin mota abu ne mai kyau, amma in aka kafa bakin mesa a kan kuros, ruwan zai ture roba ya shige, ya yi ɓarnar da rafi bai yi ba.

Daga nan za a gane cewa sa giris a farfela aiki biyu yake yi. Yana shafe ƙarfe, yana kuma koro tsohon giris da ruwa da yashi waje. Wanda ya fahimci na biyun ba zai yi rowar giris ba.

Wane giris, kuma yaushe

Giris ba iri ɗaya ba ne, ko da launinsu ya zo ɗaya. Kowane giris mai ne aka kama shi da wani sinadari mai kama da sabulu don ya yi kauri. Tsohon giris na alli, mai arha, yana jure ruwa, amma yakan narke tun zafi bai wuce na tafasar ruwa ba. Na kanwa yana jure zafi, amma ruwa na wanke shi. Wanda ya dace da kuros shi ne na litiyam, wanda ke jure ruwa daidai gwargwado, ba ya kuma narkewa sai zafi ya doshi digiri 190. A duba jikin gwangwani a ga an rubuta NLGI 2. Wannan ma'aunin kauri ne, yana farawa daga 000, mai ruwa-ruwa, zuwa 6, mai tauri kamar sabulu; lamba 2 tana da laushin man shanu.

Akwai kuma baƙin giris mai sinadarin moli, wanda aka yi domin wurin da ƙarfe ke goga a kan ƙarfe. Littattafan motocin Toyota da dama sun ce a sa shi a gaɓar zamiya da kuma gaɓa mai tagwayen kuros, a bar na litiyam zalla ga kuros. In gareji ba shi da hali sai na iri ɗaya, na litiyam lamba 2 zai yi aiki ko'ina, ya kuma fi babu nesa ba kusa ba. Abin gudu shi ne cakuɗa iri-iri ba sani, don wasu in sun haɗu sukan tsinke su zube, wasu su daskare. Giris ɗin da ake aunawa daga buɗaɗɗen bokiti a bakin titi kuwa, ko da asalinsa mai kyau ne, ya riga ya sha ƙurar da muke ƙoƙarin korewa.

Game da lokaci, littafin da ya zo da mota shi ne alƙali. Sai dai a lura, kowane irin littafin nan yana da jadawali biyu, na tafiyar kwalta da na aikin wahala, motar da ke shiga ƙauyukanmu kuwa a na biyun take. Ka'ida mai sauƙin riƙewa ita ce a sa giris duk lokacin da aka juye baƙin mai, kada a wuce kilomita 5,000. In kuwa ruwa ya rufe farfela, ba a jiran lissafin kilomita. Jadawalin Toyota ya ce a sa giris cikin awa 24. Ga motar da ke tsallake rafi kullum da damina, ma'anar wannan ita ce famfon giris ya zauna cikin motar tare da jak da sifana, direba kuma ya iya aikin da kansa.

Kafin a shiga ƙarƙashin mota

A tsaya a nan a yi karatu da natsuwa, domin a nan rai yake. A ajiye mota a wuri mai tauri, madaidaici. A kashe inji, mai shiga ƙasa ya sa makulli a aljihunsa. A sa waji gaba da bayan taya, aƙalla tayoyi biyu. Galibin motocin nan suna da tsayin da mutum zai shiga ba tare da an ɗaga su ba. In tilas sai an ɗaga, a tokare da ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari. Jak na ɗagawa ne, ba a kwanciya a ƙarƙashinsa.

Masu Land Rover na da, da tsohuwar Defender, da tsohuwar Land Cruiser, su ƙara kula. Birkin hannu na waɗannan motoci a bayan oksilari yake, farfela yake kamawa, ba ya taɓa tayoyi. Ranar da aka kwance farfelar baya, ko aka ɗaga taya ɗaya ta baya, birkin hannu ya tashi aiki ko da an ja shi har ƙarshe. Haka kuma mota mai giya otomatik, sanya ta a P giyabos kawai yake kullewa. Mutum na kwance ya zare noti na ƙarshe, mota ta gangaro kansa. Waji ne kaɗai ke hana wannan.

Yadda ake sa giris

A fara da neman nonon giris, watau ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai ƙwallo a baki inda famfo ke kamawa. Kowace farfela tana da aƙalla uku, ɗaya a kowane kuros, ɗaya a gaɓar zamiya. Mota ke nan tana da shida, mai tagwayen kuros kuwa ta fi haka. Na kuros yakan ɓuya tsakanin gwafa da gwafa, sai an tura mota kaɗan ya juyo inda hannu zai kai. Yawancin kuros ɗin da ke mutuwa, wanda nononsa ya fi wuyar kaiwa ne, galibi na farfelar gaba wanda ke kusa da giyabos, domin yaron gareji ya leƙa bai gan shi ba ya wuce.

A goge nonon da tsumma mai tsabta kafin a kafa famfo, in ba haka ba lakar da ke bakinsa ita za a fara turawa ciki. A buga famfo sau ɗaya a ƙasa don a zubar da abin da ya bushe a bakinsa, sa'an nan a kafa shi sosai a riƙa bugawa a hankali. Za a ji 'yar ƙara kamar tsaki, iska ce da ruwa ke fita. Tsohon giris zai fito baƙi, ko ja in akwai tsatsa, ko fari-fari kamar kindirmo in ruwa ya shiga. A ci gaba har sai sabon giris ya leƙo daga kofuna huɗu duka. Wannan sharaɗi na huɗu duka shi ne zuciyar aikin. Giris kamar ruwa yake, hanya mai sauƙi yake bi. Yana iya bulbulowa ta kofi uku alhali na huɗun a bushe yake, toshe da tsohon giris da ya daskare, shi ne kuma zai kashe gaɓar. In ɗaya ya ƙi, a girgiza farfela gefe da gefe ana bugawa, ko a tokare ta da ƙarfen taya daga ɓangaren kofin don a sassauta masa. In duk da haka ya ƙi, sai a kwance a duba.

In famfo ya yi tauri giris na fita ta gefen baki, nonon ne ya toshe. A kwance shi a wanke da kananzir, ko a sa sabo, abu ne mai arha. Kada kuma kowa ya toshe bakin famfo da yatsa don ya gwada ƙarfinsa. Famfon hannu yana iya tura giris ya huda fata ya shige cikin nama, raunin a ido ɗan ƙarami ne, amma yana iya cin yatsa. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti a ranar.

Gaɓar zamiya ka'idarta dabam ce, a nan ne kuma masu himma ke yin ɓarna. Bayan haƙoran akwai rami wanda dole ya zauna da sarari, don kube ya sami wurin shiga in mota ta faɗa gargada. In aka cika shi taf da giris, giris ba ya matsuwa, sai farfela ta koma sanda guda. Kowane rami mota ta faɗa, dukan zai tafi kai tsaye kan boris na oksilari da na aksil, waɗanda kuɗin gyaransu ya ninka na farfela. Bugu uku zuwa biyar sun isa. Da zarar an ga farfela ta fara miƙewa, a tsaya. In an riga an wuce gona da iri, a kwance nonon, a girgiza mota sama da ƙasa, rarar za ta fito.

Bayan an gama a share giris ɗin da ya fito, don kada ya tara ƙura ko ya fantsama kan salansa. Tsumman kuma a tara su wuri ɗaya, kada a jefa a rafin da mutane da dabbobi ke sha.

Wasu motocin zamani sun zo da kuros rufaffe, marar nono. Waɗannan dubawa kawai ake yi, in sun lalace a canja. Haka nan Hilux da Prado na yanzu, tayoyinsu na gaba kowace da 'yar gajeriyar sandarta, gaɓoɓinta a cikin jakar roba mai ninki-ninki. Ba a buga musu giris, amma a riƙa duba jakar. In ta yage, giris zai fice yashi ya shiga, gaɓar kuma ba za ta daɗe ba, sai a fara jin ƙas-ƙas-ƙas wajen karya kwana.

Alamun da farfela ke bayarwa

Farfela ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, takan yi magana tukuna. Maganarta ta farko ƙara ce siririya kamar kukan tsuntsu, wadda ake ji in ana tafiya a hankali kusa da bango, tana ƙaruwa da saurin mota. Kuros ne ya bushe. Ta biyu ita ce ƙwal ɗin da ake ji a ƙasa in an saki kuloci, ko an sauya daga gaba zuwa ribas. Wasa ya shiga ke nan. Ta uku rawa ce da gurnani. Direba ya koyi bambanta ta da rawar taya. Ta taya a sitiyari ake jinta, tana da kauri, mutum na iya ƙirga ta. Ta farfela kuwa ta ninka ta sauri wajen sau huɗu, a ƙasan mota da kujera ake jinta, madubi ya riƙa dishi-dishi, takan kuma canja in an taka totur ko an ɗaga ƙafa.

Dubawa da hannu ba ta da wuya. Bayan an sa waji, a saki birkin hannu a sa giya a furi, domin farfelar da ke ɗaure ba za ta nuna wasanta ba. A kama gwafa ɗaya da hannun dama, ɗaya da hagu, a murɗa su saɓanin juna, a kuma tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya nuna wasa ko kaɗan. Wannan dubawa kafin sa giris ake yinta, don sabon giris yakan ɓoye wasa na ɗan lokaci. A duba ko akwai jan gari kamar barkono a bakin kofi. In akwai, allurai sun riga sun niƙe, giris ba zai tashe su ba. A taɓa notocin da ke ɗaure farfela da sifana, gargada na kwance su. A duba jikin bututun ko dutse ya lotsa shi, ko ɗan faifan ƙarfen da aka liƙa don daidaita nauyi ya fita. Doguwar a-kori-kura mai farfela kashi biyu tana da boris a tsakiya cikin roba, shi ma a girgiza shi.

Wani abu da ya shafi masu ratsa gonaki shi ne ciyawa. Gamba da igiya da leda da waya sukan naɗe a kan farfela, su ci robar da ke riƙe man aksil, mai ya tsiyaye ba a sani ba. Da kaka da hunturu kuwa busasshiyar ciyawa kusa da salansa mai zafi tana iya tayar da gobara. A cire ta a ranar.

Wanda ya ji duk waɗannan alamu ya ce bari mu kai ƙarshen wata, ya san abin da yake saye. In kuros na gaba na farfelar baya ya tsinke ana gudu, kan sandar yakan faɗo ya caki ƙasa ya ɗaga bayan mota, ko ya riƙa dukan ƙarƙashinta sau talatin a daƙiƙa, inda bututun birki da tankin mai suke.

Kwancewa da mayarwa

Kafin a kwance komai, a yi alama da fenti ko a ɗan sassaƙa da kurfi, a kan faifan da ke haɗa farfela da aksil, da wanda ke haɗa ta da oksilari, da kuma ɓangarori biyu na gaɓar zamiya. Dalili shi ne abin nan da Hooke ya gano. A yawancin motoci gwafar wannan kai da ta wancan kai a layi ɗaya suke, sau da yawa ma akwai kibiya biyu da aka buga a jiki suna kallon juna. In aka zare kube aka mayar da kuskuren haƙori ɗaya ko biyu, kuros na biyu ba zai warware na farko ba, mota ta kama rawar da ba a gane kanta, a yi ta canja tayoyi a banza. Amma kada makaniki ya mai da wannan doka marar togiya: farfelar gaba ta tsohuwar Defender da wasu 'yan'uwanta da gangan masu ƙira suka karkatar da gwafunta. Alamar da ka yi da hannunka kafin ka kwance ita ce abin dogara.

Sabon kuros da matsi ake shigar da shi, da bais ko abin matsa boris. Guduma takan kwantar da allura ɗaya a gindin kofi, zoben da ke riƙe kofin ya ƙi zama, a tilasta shi, gaɓar ta mutu cikin mako. A juya nonon ya fuskanci inda famfo zai kai. In an gama, gaɓar ta riƙa lanƙwasa da hannu ba tauri ba wasa. Ɗan giris ɗin da ya zo cikin sabon kuros na hana tsatsa ne a kanti, saboda haka a buga masa giris kafin mota ta motsa. Mai zuwa sayen kaya a Apo ko Gudu ko Zuba ya tafi da tsohon a hannu, a auna faɗin kofi da tsawon kuros, don akwai masu kama da juna da bambancin da ido ba ya gani. Farfelar da ta lanƙwashe kuma, ko aka yanke aka yi mata walda a bakin hanya, da wuya ta sake daidaita. Abin da ke juyi sau 2,000 a minti, karkatar da ba ta kai kaurin ƙwayar gero ba ta isa ta girgiza mota duka.

Halin tuƙi ma yana da nasa rabo. Motar da ake sa wa oksilari da hannu, a cire shi da zarar an hau kwalta. Tayoyin gaba da na baya ba sa cin tazara ɗaya a kwana. A kan yashi sukan ɗan zame su huce, a kan kwalta kuwa ƙarfin sai ya taru ya murɗe farfela. Mai Defender shi ma kada ya bar makullin tsakiya a kulle a kan kwalta. Motar da ke da makulli a cibiyar tayoyin gaba kuwa, in ta daɗe a gari farfelarta ta gaba ba ta juyawa ko kaɗan, giris ya bushe, haƙora su kafe. A kulle cibiyoyin a yi tafiyar kilomita 16 sau ɗaya a wata, ba tare da an sa oksilari ba. Lodin da ya wuce kima, da ƙara wa mota tsayi ba bisa ƙa'ida ba, da robar giyabos da ta mutu, duk suna ƙara lanƙwasar kuros su rage masa kwana.

In farfelar baya ta lalace a daji, ana iya kwance ta gaba ɗaya a dawo gida da ta gaba, a sa oksilari ko a kulle makullin tsakiya, a tafi a hankali. Mai Land Rover ya mayar da notocin a kan gangar birkin hannu don kada ta fita, ya kuma tuna kada ya dogara da birkin hannunsa in ya tsaya a gangare. Motar da kan farfelarta ke zurawa cikin oksilari kai tsaye, ba wannan dabara sai an toshe bakin, in ba haka ba mai zai zube.

Ga jami'an da ke kula da motocin ma'aikatu da na ƙananan hukumomi, a buɗe wa giris layinsa a littafin mota, a rubuta rana da kilomita da yawan nonon da aka buga, wanda ya yi aikin ya sa hannu. In mota ta dawo daga rangadi da damina, a tambayi direba ko ya tsallake ruwa, in ya tsallake a aika da ita rami kafin a sake ba ta wata tafiya.